A Cire Nauyin Kwantena Kafin a Faɗi Nauyin Kaya

'Ya'yana da jikokina na unguwar New Bell ta Duwala da kewaye.

Wata ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci, ina zaune a zaure ina jiran ruwan sama ya tsagaita, sai ga jikana ya shigo rungume da kwamfutarsa cikin leda, fuskarsa cike da fara'a. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya buɗe ta ya ce, "Kaka, duba ka gani, na kai 62." Wani ofishi ne a Bonapriso yake neman mai buga masa takardu, an ce za a gwada saurin hannun masu nema ta intanet, shi kuwa yaron ya kwana uku yana gwada kansa. Na sa tabarau na duba. Ga 62 nan da manyan lambobi a tsakiyar allo. Can ƙasa da ita akwai wata 'yar ƙaramar lamba, 90 cikin ɗari. Na ɗora yatsa a kanta na ce, "Wannan fa, me take faɗa?" Ya ce, "Ai ba ita ake dubawa ba, Kaka."

Na sa masa albarka, domin ya yi ƙoƙari. Sannan na ce ya gyara zama, ya ɗauko biro da takarda. Abin da na faɗa masa a ranar shi nake so in faɗa muku duka, saboda na san da yawanku kuna kan wannan hanya, maza da mata, wasu a shagunan intanet na unguwa, wasu a kan kwamfutar aro.

Na yi fiye da shekara talatin ina buga takardu a wani ofishin masu fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala. Da tafireta na fara, irin wadda ake cusa mata takarda uku da kabon biyu a tsakani, in ka yi kuskure ɗaya ka yi shi sau uku ke nan. A bakin tashar nan na koyi wani darasi da ya bi ni har tsufa. Kowace kwantena tana da nauyi iri biyu a takarda: nauyinta gaba ɗaya, da nauyin kayan da ke cikinta zalla. Kwantena mai ƙafa 20, ko babu komai a cikinta, ta haura tan biyu. Ɗan kasuwar da ya manta ya cire wannan nauyi ya yaudari kansa, domin ƙarfe ya lissafa a matsayin shinkafa. Saurin buga rubutu ma haka yake. Akwai lambar da ta haɗa da kurakuranka, akwai kuma wadda ta rage bayan an cire su. Ta biyun ita ce taka.

Bari mu fara da mudun awo. Kalmomi ba tsawonsu ɗaya ba. "Da" harafi biyu ce, "gwagwarmaya" harafi 11. In aka ce a ƙirga kalmomi yadda suka zo, wanda aka ba gajeru zai wuce wanda aka ba dogaye ko da hannunsu ɗaya. Shi ya sa tun zamanin tafireta aka yanka mudu guda ga kowa: duk bugu biyar kalma ɗaya ce. Bugu kuwa ya haɗa da harafi, da lamba, da waƙafi, da aya, har da tazarar da ake bari tsakanin kalma da kalma. To in kana son sanin saurinka, ka ƙirga duk bugun da ka yi, ka raba da 5, abin da ya fito ka sake raba shi da yawan mintocin da ka ɗauka. Wanda ya yi bugu 1,250 cikin minti 5, ya buga kalma 250 ke nan, wato kalma 50 a minti. Wasu masu gwaji, musamman a ɓangaren Faransanci, bugu suke ƙirgawa a minti maimakon kalma. Kada wannan ya ruɗa ku: bugu 250 a minti shi ne kalma 50 a minti, raba da biyar kawai za ku yi.

Wannan 50 ɗin nauyi ne da kwantena. Yanzu sai a cire. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ƙirga kurakuran da ka bari ba ka gyara ba, a raba su da yawan mintoci, a debe abin da ya fito daga saurin farko. Mutumin namu na ɗazu, in ya bar kuskure 40 cikin minti biyar ɗin nan, kuskure 8 ke nan a kowane minti. A cire 8 daga 50, saura 42. Wannan shi ne saurinsa na gaskiya. Daidaito kuma lissafinsa daban: bugun da ya faɗa daidai, a raba da duk bugun da aka yi, a ninka da 100. Bugu 1,210 daidai cikin 1,250 ya ba da kusan 97 cikin ɗari.

Da muka kai nan na ce wa jikana mu auna nasa. Gwajin minti ɗaya ya yi, ya sami 62, wato bugu 310. Daidaitonsa 90 cikin ɗari, ma'ana bugu 31 sun kauce. Na ce ya cire 31 daga 62. Ya rubuta, ya yi shiru yana kallon takardar. Rabin abin da yake alfahari da shi kwantena ce. Na ce masa ya ɗauka akwai wata yarinya da za ta zauna kusa da shi ranar gwaji, ita bugu 225 za ta yi a minti, kalma 45 ke nan, da kuskure biyu kacal. Nata ya tsaya a 43, daidaitonta ya haura 99. A idon mai kallo daga nesa shi ne yatsunsa ke tashi kamar ana kaɗa kalangu. A takardar mai ɗaukar aiki kuwa ta ba shi ratar kalma 12. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata, kuma ban taɓa ganin inda maganar ta zauna daram kamar a kan wannan allo ba.

Ku sani kuma, ba duk masu gwajin intanet ke awo da mudu ɗaya ba. Monkeytype yana ƙirga haruffan kalmomin da ka buga daidai ne kawai, sannan ya nuna maka ɗanyen saurin a gefe. TypeRacer ba ya barinka ka wuce sai ka koma ka gyara abin da ka ɓata, don haka kuskurenka lokaci yake ci maka. Akwai kuma masu ƙirga kuskuren da ka riga ka goge a cikin lissafin daidaito, akwai masu yafe shi. Saboda haka kada ka ɗauki lambar da ka samu a wani wuri ka gwada ta da wadda abokinka ya samu a wani wurin, kamar mai gwada mudun Garwa da tiyar Kano ne. Ka san ƙa'idar wanda zai gwada ka, in da hali ka tambaya kafin ranar. Tambaya ba ta rage darajar mai neman aiki.

Na san wani zai ce, ai 97 cikin ɗari a makaranta sakamako ne na yabo. Gaskiya ne, a jarrabawar lissafi. Amma ɗauki shafi guda mai bugu 2,000. Kashi uku cikin ɗari na wannan shi ne kuskure 60. Ka yi tunanin wasiƙar da za ta fita daga ofis da sa hannun maigida, ɗauke da tabo 60. Ko 99 cikin ɗari ma kuskure 20 ne a shafin. Kuma kowane kuskure yana da kuɗin fansa: sai ido ya gan shi, hannu ya tsaya, ka danna maɓallin gogewa, ka sake bugawa, sannan ka nemo inda ka tsaya. Wanda bai gan shi ba kuwa, wani ne zai biya a madadinsa.

Wannan na faɗe shi ne da sanin ɗacinsa. Lambar kowace kwantena harafi huɗu ce da lamba bakwai, ta ƙarshen kuma an sa ta ne don ta tona asirin duk wanda ya rubuta sauran ba daidai ba. Wata rana da yamma, ina sauri in gama kafin a tashi, na juya lambobi biyu a takardar wani bawan Allah, na sa ta baya a gaba. Washegari jami'an duwan, wato kwastan, suka ga takarda ba ta dace da abin da ke jikin kwantena ba, suka ajiye ta. Kafin a gyara, a sake bin layin sa hannu, kayan mutumin sun ƙara kwanaki a tasha, kuma kowace kwana da kuɗin ajiyarta. Dattijo ne mai kawaici. Bai ɗaga mini murya ba, ya dai dube ni ya ce, "Malam, na dogara da kai ne." Na nemi gafararsa, ya yafe. Amma har yau in na tuna, sai in ji nauyin maganar a ƙirjina. Daƙiƙa biyu na so in tsira da su, suka zama asarar kwanaki ga wanda bai ji ba bai gani ba. Tun daga ranar ban sake cire takarda daga tafireta ba sai na karanta kowace lamba sau biyu.

Mu da muka tashi da allo da tawada bai kamata a koya mana wannan ba. Duk wanda ya zauna gaban malam ya san haruffan ba, da ta, da nun, a tsakiyar kalma ɗigo ne kaɗai ya raba su, kuma almajirin da ya sauya wa ɗigo wuri sai ya wanke ya sake. Rubutun boko na Hausa ma haka ne. Ƙasa daban, kasa daban. Ƙafa daban, kafa daban. Wanda ya rubuta "ya bata" a inda ake nufin "ya ɓata" ya bar mai karatu cikin duhu. A Faransancin da kuke aiki da shi kullum, 'yar alamar da ke kan harafi ita ta raba "ou" da "où", ta raba "a" da "à". Mai gwaji zai ƙirga rashinta kuskure cikakke, kuma yana da gaskiya. Ina roƙonku, ko saƙo za ku aika wa juna da Hausa, ku sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu. Tun 1979 Kamaru take da tsarin haruffa na bai ɗaya don rubuta harsunanta, kuma ƙungiyar SIL ta shirya allon maɓallai na Kamaru da ake ɗorawa a kwamfuta, mai ɗauke da irin waɗannan haruffa. A waya ma Gboard yana da Hausa. Uzurin da muke da shi a zamanin tafireta, lokacin da sai mun bi da biro mun lanƙwasa su da hannu, ku ba ku da shi.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu mutanen ƙasa mai harsunan gwamnati biyu. Kwamfutocin da ake sayarwa a shagunan Akwa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Wasu jerin maɓallansu na Ingilishi ne, wanda ake kira QWERTY, gadon tafiretar da Christopher Sholes ya tsara, kamfanin Remington ya fito da ita kasuwa a 1874. Wasu kuma na Faransa ne, AZERTY. A na Faransa, A da Q sun yi musayar gida, Z da W ma haka, M ta dawo kusa da L, kuma lambobi da aya ba sa fitowa sai ka haɗa da maɓallin manyan baƙaƙe. Yaron da ya horar da yatsunsa a kan ɗaya, aka zaunar da shi gaban ɗayan ranar gwaji, zai ga hannunsa ya zama baƙo a gare shi. Don haka ka bincika: wane allo ne a ofishin, kuma da wane harshe za a yi gwajin? Ka ƙware a ɗaya sosai, sannan ka saba da ɗayan gwargwadon da ba zai ba ka kunya ba. A garin nan, mai iya buga Faransanci da Ingilishi ba tare da tuntuɓe ba yana da ƙofofi biyu a buɗe.

To yaya ake samun saurin da ba ya zubar da kaya a hanya? Ku shafa maɓallin F da na J, za ku ji wani ɗan tudu a kan kowanne. An yi shi ne don manuniyar hagu da ta dama su gane gidansu ba tare da ido ya sauko ba. Daga nan sauran yatsu suke jeruwa, kowanne da unguwarsa, babban yatsa kuma aikinsa tazara. Wannan hanya ta daɗe. A 1888, a birnin Cincinnati na Amurka, wani magatakardan kotu mai suna Frank McGurrin ya ci gasar buga tafireta, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne ya haddace wurin kowane harafi, idonsa na kan abin da yake kwafa. Farkon koyon haka akwai ciwo, domin saurinka zai faɗi ƙasa da yadda kake yi da yatsa biyu, har ka ji kamar baya kake komawa. Ka daure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yatsan da ya saba da hanyar banza kuwa ya fi wuyar gyara fiye da wanda bai san komai ba.

Masu bincike na jami'ar Aalto ta ƙasar Finland da ta Cambridge ta Ingila sun fitar da wani nazari a 2018, inda suka auna bugun mutum kusan 168,000 ta intanet. Matsakaicin saurin ya tsaya wajen kalma 52 a minti. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne, waɗanda suka fi kowa sauri su ne kuma suka fi ƙarancin kuskure. Mu tsofaffin masu tafireta mun san haka tun ba a auna ba. Hannun da ya san hanya ba ya tsayawa gyara, shi ya sa yake isa da wuri. Kada kuma wannan 52 ta karya muku gwiwa. Masu sha'awar abin ne suka kawo kansu aka auna su, kuma da Ingilishi aka yi, harshen da yawancinsu suka tashi da shi.

Ga shawarata. Ka ware minti 20 kullum, bayan sallar asuba in zai yiwu, kafin hayaniyar baburan haya na bensikin ta cika titi. Ka buga a hankali, da saurin da ba za ka sauka ƙasa da 98 cikin ɗari ba. In ka ga daidaito ya faɗi, ka rage gudu, kada ka ƙara. Ka lura da haruffan da suka fi kayar da kai, ka ware musu lokaci na musamman. Ka zauna da bayanka a miƙe, kafaɗa a sake, wuyan hannu kada ya karye a bakin tebur, domin sana'ar shekaru ce kake shirya wa jikinka. Kuma ba sai da intanet ba. Ranar da babu kuɗin shiga, ko layi ya yanke, ka ɗauki jaridar Cameroon Tribune, wadda ke da Faransanci da Ingilishi a ciki, ka sa ƙaninka ya riƙe agogo minti biyar. Manhajar rubutu za ta ƙirga maka haruffa har da tazara. Ka ba wani ya bi da jan biro ya fitar da kurakurai, domin ido yana yi wa mai shi kara. Sauran lissafin ka riga ka iya.

Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abu uku kullum: kwanan wata, saurin da ya rage bayan cire kuskure, da daidaito. Gwajin daƙiƙa 15 ko 30 wasa ne mai daɗi, amma aikin ofis ba a daƙiƙa ake yin sa ba, ka riƙa gwada kanka da minti biyar. In an tambaye ka saurinka, kada ka faɗi lambar da ka taɓa samu sau ɗaya ranar da kalmomi suka zo maka da sauƙi. Ka haɗa na kwana biyar ka raba da biyar, abin da ya fito shi za ka faɗa, shi za ka rubuta a takardar neman aiki.

A nan ne maganar ta wuce yatsu ta kai ga hali. Na ji ana cewa wasu kan ba aboki ya yi musu gwajin, tunda ta intanet ne ba mai gani. 'Ya'yana, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar farko da aka ajiye maka shafi goma aka ce ana so kafin azahar, abokin nan ba ya kusa. Kuma ku tuna ko ku su wane ne. Unguwar nan Jamusawa ne suka yanka ta a 1914, lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogin Wouri, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agustan shekarar. Daga baya ta zama masaukin baƙi, kakanninmu suka sauka a cikinta da fataucinsu, da fawa, da ɗinki, da tukubar nama. Ba su zo da takardar shaidar makaranta ba. Abin da ya zaunar da su a garin mutane shi ne in sun ce kaya kaza ne, a auna a ga haka ne. Daga New Bell zuwa Bonapriso tafiyar ƙafa ce, amma duk wanda ya shiga ofis a can daga cikinku, da sunan unguwa yake shiga. In ya cika awo, ya share wa na bayansa hanya.

Ku 'yan mata, wannan magana da ku nake yi daidai da samari. Sana'a ce mai tsabta da za ki iya yi a ofis, ko a shagonki, ko a ɗakinki, ɗalibai su kawo miki kundin kammala karatu, 'yan kasuwa su kawo takardun ciniki. Wadda aka san ba a dawo mata da aiki, ba ta rasa masu sallama a ƙofarta.

Bayan mako shida jikan nan nawa ya sake shigowa zaure, wannan karon da ɗan littafinsa a hannu. Ya gaishe ni, ya buɗe shafin ranar ya miƙo. Minti biyar, bugu 1,100, kuskure 10. A ƙasa ya yi lissafinsa da kansa: 44, a cire 2. Ya ce, "Kaka, 42 ne, daidaito 99." Muryarsa a kwance, babu ɗokin ranar farko. Na ce masa lambar nan ta fi waccan 62 ɗin nauyi, domin duk inda aka ɗora ta a sikeli haka za a same ta. Na dafa kansa na yi masa addu'a.

Ita nake yi muku duka. Allah Ya sa albarka a yatsunku, Ya ba ku abin yi na halal, Ya sa ku zama masu cika mudu ko ana kallo ko ba a kallo. Allah Ya yi muku albarka.